Rigar da ban canza ba a dajin Glentress

Yau kwana tara ke nan da dawowarmu daga dajin Glentress da ke Sikotlan, amma har yanzu in na sa hannu a ruwan sanyi sai yatsun damana su ɗauki zugi, sai kuma in tuna da minti biyun nan da na ƙi ɓatawa a bayan mota.

Mu biyar ne. Ba gasar hukuma ba ce, babu lamba a ƙirji, babu alƙali, babu mai tsayawa a hanya ya miƙo maka ruwa, balle motar asibiti. A WhatsApp muka tsara abinmu: gudu kilomita 8 a hanyoyin ƙafa, sai keke a zagayen ja, wato hanyar keke mai wuya da aka yi wa alamar ja, wanda ya kusa kilomita 20, sai wani gudun na kilomita 4, abin da masu harkar ke kira duwatlon. Kowa da ruwansa, da abincinsa, da kayan facinsa, kowa kuma ya duba agogonsa ya faɗi gaskiya. Motar wani abokin aikina ɗan Sikotlan ita ce wurin canji, inda ake sauya kaya daga gudu zuwa keke. Dajin yana gefen garin Peebles, a kwarin kogin Tweed, tafiyar kamar awa ɗaya daga Edinbara, kuma duk mai hawan keken daji a ƙasar nan ya san shi, tun ba a 2023 ba da aka yi gasar duniya a wurin. Na sha hawa zagayen nan da bazara. Abin da ya sa na sake jiki ke nan.

Mun so mu tashi ƙarfe 10, ƙanƙarar da ta kwanta a titi ta sa sai 11 muka fara. A ƙarshen Disamba wannan awa ɗaya ba ƙaramar asara ba ce, don rana kan faɗi ne wajen ƙarfe 3:40 na yamma, a cikin itatuwa kuwa duhu kan riga hakan sauka. Ma'aunin mota ya nuna digiri 1.

Gudun farko ya tafi lafiya, ba ni da abin faɗa a kansa illa na yi zufa sosai. Na dawo mota na biyu, kuma na ga na farko yana ɗaure hular kwano. A nan zuciya ta ɗebe ni. A jakata akwai busasshiyar riga ta ulu, akwai safar hannu mai kauri, duk na shirya su tun dare. Amma a jikina, ƙarƙashin jaket, singiletin auduga ce ta jiƙe sharkaf ta manne a bayana. Jikina yana ta tururi, ban ji sanyi ko kaɗan ba. Na dubi jakar, na dubi mutumin da ke shirin wucewa, na ce ai hawan tudu zan fara, zafi ma zan ƙara ji. Na sa takalmi, na ɗauki siririyar safar hannun da na yi gudu da ita, wadda ita ma ta jiƙe da goge fuska, na haye keke.

Akwai wani bawan Allah a cikinmu, mutumin Damagaram, ya fi shekara 20 a ƙasar nan, ya girme mu duka, Yaya nake ce masa. Shi ya ɗauki nauyin zama na ƙarshe a kowane zango, don kada a bar kowa a baya. Yana isowa ina fita, ya ɗaga murya ya ce, "Ƙanena, ka canza riga kuwa?" Na ɗaga masa hannu na wuce. Na ji shi sarai. Wannan ne ya fi ci mini rai har yau, ba mantuwa na yi ba, an tuna mini na ƙi.

Hawan ya ɗauke ni fiye da awa ɗaya, kuma lissafina ya yi daidai a nan, ban ji komai ba. Can sama dusar ƙanƙara ta rufe hanya fari fat, saiwoyin itace sun yi santsi kamar an shafa musu sabulu. Da na kai kan gangaren da ake kira Spooky Wood na tsaya na sha ruwa, bai fi minti ɗaya ba, sai na ji kamar an ɗora mini faranti mai sanyi a tsakiyar baya. Na saki keken. A gangare ƙafa ba ta aiki, jiki ba ya ƙera zafi, iska ce kawai ke dukanka, kuma da gudun keke take ƙara ƙarfi. Auduga kuwa in ta sha ruwa ba ta saki, ruwa kuma yana janye ɗumin jiki ninkin-ba-ninkin yadda iska ke yi. Na san wannan a karatu. Ni da na tashi a Jos, nake ganin na san sanyi, amma sanyinmu na hunturu busasshe ne, ya fasa maka leɓe da diddige ya bar ka. Na nan jiƙaƙƙe ne, ƙashi yake nema.

Kafin in sauka rabin gangaren yatsuna sun daina jin birki. Ina matsawa, amma ban san ko da ƙarfi nake matsawa ko a hankali ba, sai dai in ji tayar baya ta zame. A haka na kasa kauce wa wani dutse mai kaifi, tayar baya ta buga shi, na ji fuuu, iska ta tafi.

Faci ba wani abu ba ne, na yi shi ya fi a ƙirga, minti goma ya ishe ni. Ina da sabon tub, ina da famfo, ina da ƙarfen ɓanɓare taya. Na ja keken gefe na kifa shi, na cire ƙafar baya da ƙyar. Sai ga shi na kasa riƙe abin ɓanɓarewar. In sa shi a bakin taya, in danna, ya suɓuce ya faɗa cikin dusar ƙanƙara. In tono shi, ya sake suɓucewa. Ina kallon yatsuna farare kamar na gawa, ina ba su umarni, ba sa bi. Na sa su a hammata, amma hammatar ma jiƙaƙƙiyar riga ce. Haƙorana suna ta kaɗawa har na ciji harshe. Na ciro waya in kira sauran, tana aljihun waje tun safe, ta kawo haske sau ɗaya ta mutu, alhali da caji fiye da rabi na baro mota. Sanyi yana yi wa batir haka, shi ma na sani.

Mutum biyu daga cikinmu sun wuce ni a lokacin. Kowanne ya rage gudu ya tambaya ko lafiya, na ce faci ne kawai, su je. Ban ga laifinsu ba, abin da na faɗa musu ke nan, kuma ni kaina na yarda da shi. Daga baya ne na gane cewa wannan ma alama ce: idan zafin jiki ya fara sauka daga 37 yana neman 35, hankali ne ke fara raguwa tare da hannu, mutum ya riƙa ganin lafiyarsa lau. Na zauna a kan wani kututture, ina jin wata irin kasala mai daɗi, ina cewa bari in huta kaɗan.

A haka Yaya ya same ni. Bai tambayi taya ba. Ya ce in faɗi sunan unguwarmu, na faɗa, amma ya ce maganar tana fita kamar ta mai barci. Ya zuge mini jaket da hannunsa, ya cire singiletin nan ya jefar a ƙasa, na ji ta faɗi tim kamar tsumman wanki. Ya ciro rigar ulu daga jakarsa ya sa mini, ya naɗe ni da bargon leda mai ƙyalli irin na gaggawa, ya mayar da jaket a kai. Sai filas: shayi mai citta da sukari da yawa, yana riƙe mini kofin don hannuna ba zai iya ba. Ya ba ni dabino biyar ya ce in cinye yana kallo. Sannan ya tashe ni tsaye ya ce in yi ta tattaki a wuri ɗaya, shi kuma ya durƙusa ya gama facin cikin 'yan mintuna. Da jini ya fara dawowa yatsuna, zafin da na ji ya sa hawaye suka zubo mini. Ya ce, "Alhamdu lillahi, tunda suna ciwo suna da rai." Ya gaya mini daga baya cewa da shayin bai dawo da ni ba a cikin minti goma, 999 zai kira ya nemi 'yan sanda su turo masu ceto na duwatsu.

Ba mu ƙarasa zagayen ba. Muka bi faffaɗar hanyar motocin katako a hankali, yana gabana da fitila a goshi, muka iso mota ƙarfe 3 ta wuce. Azahar da La'asar a zaune na haɗa su a kujerar baya, hita tana busa mini. Gudun kilomita 4 na ƙarshe ban taka ko ɗaya ba. Jakata tana nan yadda na bar ta, rigar ulun a ninke a sama, a bushe.

Wanda zai yi irin wannan da sanyi, ina roƙonsa, ya tuɓe duk abin da ya jiƙe a wurin canji, ko da bai ji sanyi ba, musamman ma in bai ji ba, don zafin gudu ruɗi ne, minti ashirin ya isa ya gudu ya bar ka. Auduga kada ta taɓa fatarka. Waya ta zauna a aljihun ciki, jikin ƙirji. Safar hannu biyu, ɗaya a jaka cikin leda. Kuma in kun ga ɗan'uwanku a tsaye a gefen hanya, kada ku karɓi "lafiya lau" daga kan keke, ku sauka ku dubi hannunsa, ku sa shi ya yi magana mai tsawo. Mun riga mun sa wannan a dokar rukuninmu. Tsarin mutum na ƙarshe kuwa, wanda da farko nake gani kamar ɓata wa Yaya rana ne, ba zan sake fita daji da mutanen da ba su da shi ba.

Na so in mayar masa da rigarsa bayan na wanke, ya ce in riƙe. Mun sa ranar komawa a watan Fabrairu, ƙarfe 9 za mu fara komai ƙanƙarar titi, ko kuwa a fasa. Na riga na yanke yadda zan shirya jakar: busasshiyar riga da safar hannu a cikin hular kwano za su kwana, yadda ba zan iya sa hular ba sai na ɗauke su da hannuna. Kilomita 4 ɗin nan suna nan suna jirana.