Godiya ga 'yan ƙungiyarmu ta keke

Alhamdulillahi, an sallame mu, mun dawo gida. Ɗana da ya faɗi da keke ranar fitarmu yana ci yana sha, har ya fara tambayar ina kekensa. Ba sai na maimaita yadda abin ya faru ba, da yawanku a gabanku aka yi. Ƙashin da ke tsakanin wuya da kafaɗa ne ya karye, karayar da likitoci suka saba gani a wurin mahaya keke. An rataye masa hannu, sai jiran ɗori ya kama. Kansa kuwa an ɗauki hoto, lafiya lau.

Fitarmu ta farko ce a bana, kowa ya yi watanni bai hau cikin jeri ba, ƙafa na ɗoki, ido bai gama sabawa ba. Muna matsowa kusa da juna ne don na gaba ya tare wa na baya iska, amma da tayarka ta gaba ta gogi tayar bayan wani, kai na baya ne za ka sha ƙasa. Na faɗi wannan ne saboda ƙanenmu da ke gaban yaron, wanda kullum yana asibiti ido jawur. Ƙanena, ba ka da laifi ko kaɗan, ka daina ɗora wa kanka.

Abin da ya hana ni barci shi ne lokacin da na iso kan yaron. Ido a buɗe, ina kiran sunansa ba ya amsawa. Jama'a sun taru, wannan na cewa a ɗaga shi, wancan ya kai hannu zai cire masa hular kwano. Sai ga Baba, dattijonmu mai rufe baya. Ya jefar da kekensa, ya durƙusa a kan kwalta, ya tallafe kan yaron da hannu biyu, ya ce kada wanda ya motsa shi, kada a taɓa hular, ba mu san halin da wuyansa ke ciki ba. Ya riƙa yi masa magana a hankali: "Ɗana, kana ji na? Motsa min yatsun ƙafarka." Da yatsun suka motsa sai ya dube ni ya ce, "Malam, riƙe masa hannu, kai yake nema." Wallahi har motar asibiti ta zo Baba bai ɗaga gwiwarsa ba. Ya ce kada in ambace shi. Baba, ka yafe min, ba zan iya yin shiru ba. Allah ya jiƙan iyayenka, ya raya maka zuri'a, ya sa yadda ka tallafi ɗana a tallafe ka ranar da kake buƙata, ya haɗa ka da aljanna.

Samarin da suka tsaya suna karkatar da motoci, 'yar uwarmu da ta kira motar asibiti, da mai gyaranmu da ya miƙe gargaren ya sake sifok ya ƙi karɓar komai, Allah ya biya ku da mafificin alheri, ya tsare ku a kowace hanya.

Wasu 'yan uwa na jini har yau ko waya. Wanda ya kira ma, tambayarsa ta farko ita ce me ya kai yaro hawan keke. Ba komai, Allah ya bar zumunci.

Hular kwanon yaron ta tsage gida biyu. Abin da ke cikinta an yi shi ne ya shanye bugu sau ɗaya, don haka duk wanda tasa ta taɓa dukan ƙasa ya canza ta, ko da bai ga tsaga ba. Na kuma roƙi shugabanni, kafin fita ta gaba a ba Baba lokaci ya koya mana abin da ya yi ran nan, kuma sun amince.