Riguna tamanin da fuskar mutumin da ban karanta ba

Har yau idan na tuna fam 480 ɗin nan sai in ji abu ya tokare min ƙirji. Dare nawa na kwana ina jidar kwalaye a sito kafin in tara su, amma ba wahalar ce ke ci min rai ba. Abin da na saya da su ne.

Mu huɗu ne a ƙungiyar kiɗanmu, a Birmingham inda na je karatu: Turawa biyu, wani ɗan asalin Pakistan a kan ganguna, ni kuma ina kaɗa jita mai kaurin murya. Mutanen garin suna tinƙaho da ƙungiyar mawaƙa ta Black Sabbath, don a can aka yanke wa kiɗan metal, mai nauyin sauti da ƙarar jita, cibiya. Namu kiɗan rabi punk ne rabi metal. Mu taho a guje kamar an koro mu, can sai mu ja birki, tsirkiya a sassauce, sauti ya yi nauyi kamar ana jan buhun gishiri a kan tsakuwa.

Waƙoƙinmu duka a kan duniyar H. P. Lovecraft suke, marubucin nan na Amurka da ya mutu a 1937. Abin da ya ja ni shi ne irin tsoron. Dodon tatsuniyarmu yana da gida, yana jin yunwa, Gizo ma kan yi masa wayo. Halittun Lovecraft ba su ma san kana raye ba, kamar yadda mai tafiya bai san tururuwar da ya taka ba. Kafin wani ya fara min wa'azi: ƙagaggen labari ne, ba wanda ke bauta wa komai a ɗakin atisaye. Daga bakin mawaƙa na san shi. Metallica sun yi wani kiɗa na kusan minti tara a 1984, The Call of Ktulu, babu kalma ko ɗaya, amma sai ka ji kamar teku na kumbura a ƙarƙashinka. Rudimentary Peni, 'yan punk na Ingila, sun yi faifai guda cur a kansa a ƙarshen shekarun 1980. Na haddace waɗannan. Littafinsa kuwa ban taɓa buɗe shafi ɗaya ba.

Da muka samu wasanmu na farko a wani ƙaramin zaure, ni na kafe sai an buga riguna. Ni na zaɓi hoton, doguwar fuskar nan tasa mai dogon haɓa, da hannayen dabbar tekun nan mai hannu takwas suna fitowa daga kwalarsa. Sauran suka ce ba su da kuɗi, na ce na ɗauka. Riguna tamanin, fam shida kowace. Na saka ɗaya na hau dandali ina ƙafafa.

Wasan ya yi kyau, ba sai na ja zance ba. Bayan mun sauka ina tsaye a teburin riguna, sai ga wata yayarmu 'yar Zariya da ke digirin digirgir a fannin adabi. Roƙonta na yi ta zo, ta kuma zo da audugarta a kunne. Ta dubi ƙirjina ta daɗe.

"Ƙanena, ka san wannan da ka maƙala a gabanka?"

Na ce, "Haba Yaya, ai shi ne uban tafiyar."

Ba ta ce komai ba. Ta danna waya ta miƙo min. Wata gajeriyar waƙa ce da ya rubuta a 1912, wadda ko sunanta ba zan maimaita ba. A ciki yana cewa baƙar fata halitta ce da aka yi don cike gurbi tsakanin mutum da dabba. Na karanta sau biyu. Ga ni baƙi wuluk, gumi na zuba, fuskarsa a ƙirjina, saura saba'in a jere a gabana ina jiran masu saye.

Ta ce ba ni na fara ba. Nnedi Okorafor, marubuciya 'yar asalin Najeriya, ta ci wata babbar lambar yabo ta ƙagaggun labarai a 2011, aka miƙa mata gunkin kan mutumin nan, daga baya ta ga waƙar. Bayan 2015 aka daina ba da gunkin. Wato magana ce da ta daɗe a kasuwa, ni kaɗai ne baƙo.

Abin da ya fi ƙona ni shi ne mawaƙinmu. Da na nuna masa, sai ya ɗaga kafaɗa ya ce ai kowa ya sani, ya ɗauka na sani kuma ban damu ba. Sati uku yana kallona ina gyara hoton a kwamfuta! Ya ga na kirga kuɗin. Har yau muna kiɗa tare, amma wannan ɗaga kafaɗar ban manta ba. Sai dai in za a faɗi gaskiya, kura ce ta ce da kare maye. Shi ya sani ya yi shiru, ni kuma na ɗauki mutum na ɗora a ka ban tambayi ko wane ne ba. Awa ɗaya a laburare da ta ishe ni. Awa ɗaya, da fam 480.

A hutun nan na zauna na karanta shi, kuma a nan na sha mamaki na biyu. Na zaci ƙiyayyar tana gefe, labaran suna gefe. Ashe a cakuɗe suke. A labarin dodonsa Cthulhu da aka buga a 1928, masu bautar dodon baƙaƙe ne da ruwa-biyu da matuƙan jirgin ruwa daga nesa. Shekara biyu da ya yi a New York cikin baƙin haure ta bar masa ƙyama da ke fitowa ƙarara a rubutunsa. Abin da ke zuwa daga waje ya lalata duniya, sau da yawa irinmu yake nufi. Kuma abin haushi, mutumin ya iya gina fargaba. Na so in ce bai iya ba, amma na kwana da fitila a kunne.

Ban bar kiɗan ba. Girman sararin sama da ƙanƙantar ɗan Adam ba shi ya ƙirƙiro ba, duk wanda ya taɓa kwana a tsakar gida lokacin hunturu ya ɗaga ido ya san wannan. Mun sake waƙoƙi uku, muka cire sunayen dodanninsa, kuma wallahi sun fi ban tsoro yanzu da ba a ambaci komai ba. Duk mai shirin buga fuskar wani a riga, ya fara karanta shi, har wasiƙunsa in ya samu, kuma ya buga ashirin tukuna.

Tara da na sayar a daren sun tafi, ban san ƙirjin wa suke ba. Sauran suna cikin jaka a ƙarƙashin gadona, ban da goma sha biyu da mai gangarmu ya roƙa. Babbar gangar ƙafa tana son a cusa mata tsumma don ta daina amo, ya ce waɗannan sun fi matashin da yake sawa. Kowace Laraba yana dukansu awa biyu.