Kafin Ka Shigo da Ɗan Kwikwiyon Rottweiler Gida

Shekarar da ɓarayi suka haura mana katanga har sau biyu a Kaduna na yanke shawarar ajiye kare, kuma ban shawarci kowa ba. Wani abokin aikina ya nuna mini hoton Rottweiler a waya, baƙi wuluk da ɗan jaja-jaja a baki da ƙirji da saman idanu, ya ce ɓarawon da ya ji gurnaninsa ba zai ƙara bi ta layinmu ba. Kafin mako ya zagayo na biya kuɗi, na ɗauko ɗan kwikwiyo cikin kwali. Yanzu da nake ganin ƙannenmu suna ta sha'awar irin wannan kare, na ga ya dace in faɗa muku inda na yi ɓarna.

Kwikwiyon farko bai yi sati biyu a hannuna ba. Mai sayarwa ya ce satinsa shida, alhali bai kamata a raba shi da uwarsa ba sai ya cika sati 8. Ban ce a nuna mini uwar ba, ban nemi katin allura ba. Na sake shi yana yawo har ƙofar gida, inda karnukan unguwa ke bi da dare. Rana ta goma ya ƙi abinci, sai amai, sai zawo mai jini da wani irin ƙarni da har yau ban manta ba. Likitan dabbobi ya ce parvo ce, wata cutar hanji mai yaɗuwa tsakanin karnuka, kuma Rottweiler na cikin karnukan da ta fi yi wa illa. Shi ya koya mini abin da ya kamata in sani tun kafin in fitar da kuɗina: ana fara rigakafi tsakanin sati 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa bayan sati uku ko huɗu har ya kai sati 16, allurar haukan kare kuma idan ya kai wata uku. Kafin a kammala, ba ya taka inda baƙin karnuka ke kashi. Ya mutu da asuba a gaban 'yata mai shekara bakwai, wadda ta riga ta ba shi tsohon zanenta ya kwanta a kai. Ƙwayar cutar na daɗewa a ƙasa watanni da yawa, don haka sai da muka wanke siminti da ruwan bilic, muka ƙone tsummokaransa, muka jira. Ka san likitanka kafin ka san karenka, kuma ka je da shi wajen saye idan da hali.

Da na ɗauko na biyu, wanda yara suka raɗa wa suna Duna, na kiyaye allura da maganin tsutsa da na kaska. Mutanen gidan ne ban shirya ba, kuma nan ne babban kuskurena.

Uwargida ta tambaye ni a daren farko: "Maigida, idan ka tafi aiki wa zai kwashe kashinsa? Wa zai ba shi abinci?" Na ce za a san yadda za a yi. A ƙarshe duk a kanta ya faɗa, ita da ba ta nemi kare ba, ga goyo. Ɗan kwikwiyo yana cin abinci sau uku ko huɗu a yini, yana fitsari kusan duk bayan awa biyu, yana kuka da dare, yana tauna duk abin da haƙorinsa ya samu. Ya lashi bakin buta, ya hau tabarmar salla, ya tsoma baki a kwanon yara. A gidan Musulmi wannan ba ƙaramar magana ba ce. Da na fara zuwa wajen malami na ji hukuncin karen gadi da yadda ake wanke abin da ya lasa, sannan muka zauna muka shata masa iyaka, ga inda zai taka, ga inda ba zai taka ba, ga kwanukansa daban, da rigimar wata uku ba ta faru ba.

Hajiya kuwa, ranar da ta zo ta gan shi a tsakar gida, tsayawa ta yi a zaure. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Hajiya, don tsaro ne." Ta ce, "Na ji. Amma gidan da baƙo ke tsoron sallama, wane irin gida ne?" Na daɗe ina juya wannan tambaya. Gidajenmu ba a rufe suke ba. Ɗan garuwa na shigowa, almajiri na zuwa karɓar abinci da yin aike, yaran maƙwabta na faɗowa ba sallama, ranar suna tsakar gida cike take da mata. Duk wanda zai ajiye kare mai wannan ƙarfi sai ya lissafa mutanen nan ɗaya bayan ɗaya, ya kuma sanar da maƙwabta tun da wuri.

Sai kuma shawarar da na bi wadda ta fi kowacce muni. An ce mini in kulle shi a keji, kada ya ga mutane, don ya yi zafi. Haka na yi. Na hana yara wasa da shi, na ɗaure shi da sarƙa a bayan gida. Ban san cewa watanni ukun farko zuwa huɗu su ne lokacin da kare ke koyon abin da zai amince da shi har ƙarshen rayuwarsa ba. Asalin Rottweiler daga garin Rottweil ne a kudancin Jamus, inda mahauta ke kora shanu da shi, yana ja musu amalanken nama. Karen aiki ne da ya saba zama kusa da ubangidansa, kuma gadi a jininsa yake, ba sai an koya masa ƙiyayya ba. Abin da kulle ya koya wa Duna tsoro ne, kare mai tsoro kuwa shi ke cizo ba gargaɗi.

Yana da wata tara ya tsinke sarƙa. Almajirin da ke mana wanke-wanke, yaro ɗan shekara goma sha ɗaya, ya shigo da kwano a hannu, ya gan shi, ya ruga. Duna ya bi shi ya kayar, ya kama shi a sha-raɓa. Muka wanke ciwon da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, muka garzaya asibiti. Katin allurar haukan kare ne ya ɗan kwantar wa likita da hankali. Daga nan na tafi gaban malaminsa na ba da haƙuri, ban iya ɗaga kai na dubi yaron ba. Laifin nawa ne, domin ban koya wa kare ganin yara ba, ban koya wa yara cewa ba a gudu a gaban kare ba, ba a taɓa shi yana cin abinci, ba a jan wutsiyarsa. Kuma komai tarbiyyarsa, ba a barin ƙaramin yaro da shi su kaɗai.

Gidan ma yana son gyara tun kafin ya iso. Namijin Rottweiler kan kai kilo 50, ƙyauren langa-langa ba ya tare shi. A yi masa waje mai shinge da sakata mai ƙarfi, da inuwa ta gaske da ruwa a koyaushe, don baƙin gashinsa da zafin bazara ba sa jituwa, kejin kwano da rana tsaka yana iya kashe shi. Tayil mai santsi na cutar da ƙugunsa yana tasowa, irinsu kuwa dama suna fama da ciwon ƙugu. A ɗauke gubar ɓera da wayoyin wuta da magunguna daga ƙasa. Ragowar miyarmu cike take da albasa, ita da tafarnuwa suna lalata masa jini, haka cakulan da goro da zabibi da dafaffen ƙashin kaza duk haɗari ne. Kuɗin abinci da likita kuwa ba na wata guda ba ne, kare ne da ke yin shekara 8 zuwa 10.

Na samu mai horar da karnuka bayan abin ya faru. Kusan shekara muka yi, kullum da asuba ina fita da Duna da igiya, ina koya masa zama da tsayawa da zuwa idan an kira, da ɗan nama a aljihu maimakon bulala. Ya gyaru sosai, yana kwanciya a gefen ƙafata ina shan shayi. Amma har yau idan baƙon yaro zai shigo sai an rufe shi, Hajiya sai ta bugo waya kafin ta zo, yaron nan kuma bai ƙara taka gidanmu ba, a ƙofa yake tsayawa a miƙo masa abincinsa.