Kwana biyu a Sakhir, wurin motocin da ke ɓoye gudunsu

Da a ce wani ya gaya mini wata rana zan tsallaka teku, in zaro kuɗi daga aljihuna don kawai in kalli ana gwada mota, da na yi masa dariya. Gwada mota ai sana'ata ce. Shekara tara na yi ina kanikanci a Kano kafin in taho Damam, kuma har gobe idan na ɗaure inji ba na miƙa wa mai mota makulli sai na zaga da ita na saurari kukanta. Wanda ya ɗora mini ciwon tseren motoci na Formula 1 shi ne babban ɗakinmu, wanda duk muke kira Yaya saboda ya girme mu, ya kuma riga mu zuwa Saudiyya. Shi kuwa Lewis Hamilton ne ya ja shi. Tun da aka ce Hamilton ya bar Mercedes bayan shekara 12 ya koma Ferrari, Yaya bai sake barinmu mun yi barci cikin natsuwa ba.

Ranar Laraba 26 ga Fabrairu, 2025, ranar da aka fara gwajin motocin Formula 1 na share fagen kaka a Baharain, muna tashi daga aiki ya ce, “Ɗauko fasfo ɗinka, yaro. Abin da mutane ke hawa jirgi daga Ingila su zo gani, ga shi a bayan gidanmu.” Na ce, “Yaya, gwaji ne fa, ba tsere ba.” Ya ce, “To kai ba bakanike ba ne?”

Gadar Sarki Fahad, wadda ta haɗa Saudiyya da Baharain, kilomita 25 ce a kan ruwa, tun 1986 aka buɗe ta, kuma a wani tsibiri da ke tsakiyarta ake buga fasfo. Ba wani abin labari a nan in ban da dogon layi. Muna cikin layin ne ma Yaya ya miƙo mini waya yana ƙyaƙyata dariya: an ɗauke wuta a filin tseren da ke Sakhir. Ranar farko ta gwaji, da yamma, duhu na shigowa, fitilu suka mutu gaba ɗaya. Ga kanikawan kamfanonin da ke kashe miliyoyin daloli suna haska mota da tocilan, kamar ni a garejinmu na Ƙofar Ruwa. An fi awa ɗaya ana jira, har sai da aka ƙara musu lokaci a ƙarshe don su rama. Na ce ashe abin ba mu kaɗai muka gada ba. Bambancin kawai, su nasu ya zama labarin duniya.

Kuɗin Baharain ne ya fara ladabtar da ni. Dinari ɗaya riyal goma ne, wajen naira dubu huɗu ke nan a canjin lokacin. Sai ka ji an ce maka “uku” ka ɗauka araha ce, ka miƙa hannunka sake, sai daga baya lissafi ya zo maka kana kwance. A wani ƙaramin otal a Manama, wanda muka riga muka kama ɗaki ta waya, ma'aikacin da ke kan kanta ya juya koren fasfo ɗinmu sau biyu, ko sallamarmu bai amsa ba, ya ce sai mun ajiye kuɗin jingina. Wasu baƙi biyu da suka riga mu a layi ban ga an tambaye su ko sisi ba. Raina ya ɓaci, na fara haɗa ɗan Larabcina na faɗa, Yaya ya taka mini ƙafa. Muka biya. Da za mu tafi an mayar mana da kuɗinmu cif, amma kallon nan bai bar zuciyata ba.

Sakhir tana kudu da Manama, tafiyar kusan rabin awa, hamada ce fetal. A nan aka fara yin tseren Formula 1 a Gabas ta Tsakiya, a 2004. Zagaye ɗaya kilomita 5.412 ne, da kwana 15, kuma kwanar farko sunan tsohon zakaran tseren, Michael Schumacher, aka sa mata. Na zo da shirin rana, har da hular hana sallah, sai na tarar da sanyi irin na tsakiyar hunturu, ga iska na shiga riga, sama ta yi baƙi. Can sai yayyafi. Yayyafi a hamada! Yawancin ƙungiyoyin ma ba su zo da tayar ruwa ba, don wa zai yi tunanin haka a Baharain? Sai motoci suka shige gareji suka yi lamo, mu kuma muka dunƙule a kan kujera.

Amma kafin yayyafin na riga na ji abin da na zo ji. Talabijin maƙaryaciya ce a kan maganar ƙara. Injin nan ƙarami ne, lita 1.6, silinda shida, da turbo da batir, wato a girma bai kai na Camry ɗin Yaya ba. Amma idan ta taho a miƙaƙƙen layi har cikin ƙirjinka kake ji. Abin da ya fi ɗaure mini kai ma ba gudun ba ne, birkin ne. Za ka ga mota ta doso kwana da gudun da ya haura kilomita 300, ka riƙe numfashi ka ce shi ke nan ta wuce, sai ka ji giya na sauka tas-tas-tas, ta lanƙwasa ta shige. Ni da na yi shekaru ina canza wa mutane takalmin birki, sai na ji kamar ban taɓa ganin birki ba.

Da jar motar nan mai lamba 44 ta fito, da hular kwano ruwan ɗorawa a ciki, Yaya ya miƙe tsaye yana ɗaga hannu kamar Hamilton zai gane shi. Ban ga laifinsa ba. A lokacin mutumin nan shekararsa 40, ya ci kambun duniya sau bakwai, kuma shi kaɗai ne baƙar fata a cikin direbobi ashirin. Da safiyar nan shi ya fi kowa gudu, minti 1 da daƙiƙa 29.379. Yaya ya ce, “An gama, bana ta Ferrari ce.” Ferrari ɗin da rabon direbanta da kambu tun Kimi Raikkonen a 2007.

A nan wani dattijo da ke zaune kusa da mu ya sa baki. Ɗan ƙasar ne, da farar jallabiya da kwat a sama, ya zo da jikokinsa biyu da fulas ɗin gahawa. Ya ga muna rawar ɗari, bai tambaye mu daga ina muke ba ya zuba mana a 'yan finjalai, ya buɗe robar halawarsu ta Baharain, mai danƙo da ƙamshin za'afaran, ya ce bismillah. Sai da muka ci sannan ya tambayi ƙasarmu. Da na ce ni bakanike ne sai ya gyara zama, ya ce to da ni zai yi magana, ba da Yaya ba.

Ya ce in daina kallon allo. Allon lokaci a ranar gwaji, in ji shi, ba ya gaya maka man da ke cikin tanki. Motar nan tana iya ɗaukar mai har kilo 110, kuma kowane kilo goma yana cinye kusan kashi uku cikin goma na daƙiƙa a zagaye ɗaya. To wanda ya zuba kaɗan ya sa taya mai laushi zai hau saman allo, wanda ya cika tanki ya rage wa inji ƙarfi zai zauna can ƙasa yana dariya a ciki. Na ce, “Ya Hajji, to me muka zo kallo ke nan?” Ya ce in zaɓi mota ɗaya, in bi ta zagaye goma sha biyar a jere, in ga ko lokacinta na zubewa.

Nan take na gane, don abin ba baƙo ba ne a wurina. Duk wanda ya taɓa zuwa filin sukuwa a Kano ya san mai doki na gaske ba ya sakin linzami ranar motsa jini, idon abokan hamayya na kansa. Kuma a gareji ma haka ne: motar da ta yi maka daɗi a zagayen minti biyar ba ita ce ta gyaru ba, sai wadda ta je Zariya ta dawo ba ta yi zafi ba.

Daga nan kallona ya canza. Na fara lura da wani ƙarfe mai kama da ragar gasa kifi da suke ɗaura wa wasu motocin a bayan tayar gaba. Ashe na'urori ne jere masu auna yadda iska ke bi ta jikin mota. Na ga kuma ana shafa wa fiffike wani koren fenti mai ruwa-ruwa, mota ta fita ta dawo, iska ta zana hanyarta a jiki, kanikawa su yi maza su tare ta da jikinsu don kada masu hoto su ɗauka. Wannan ɓoye-ɓoyen ya ba ni dariya. Kowace ƙungiya mota ɗaya tak aka yarda ta fitar, direbobi biyu su raba kwana uku, wato kwana ɗaya da rabi kowannensu, sannan a shiga kakar tsere 24. Ni ko ɗan koyo ba zan ba shi kwana ɗaya da rabi in ce ya ƙware ba. Ga shi a shekarar sababbin jini sun yi yawa, har da Kimi Antonelli, ɗan Italiya mai shekara 18, wanda aka ba kujerar da Hamilton ya bari.

Da yamma fitilu suka kama, filin ya koma kamar rana. Carlos Sainz, wanda Ferrari ta sallama don ta kawo Hamilton, ya zo da motar ƙungiyar Williams ya buga 1 da 29.348, ya sha gaban mutumin da ya karɓe masa kujera da abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Ba wanda ya sake kamo wannan lokacin har aka tashi gwajin. Williams ɗin da ta ƙare ta tara cikin goma a 2024! Yaya ya yi shiru. Ni kuwa ina can ina bin shawarar dattijo, na liƙe wa motar McLaren ta Lando Norris mai ruwan lemo. Ba ta zo kusa da saman allo ba, amma zagaye bayan zagaye tana nan daram, tana shiga kwana kamar an shimfiɗa mata layin dogo, yayin da wasu ke ta gyara sitiyari. Na nuna wa dattijon, ya yi murmushi ya ce ai motarsu ce. Na ɗauka son kai ne irin na mai masaukin baƙi, ashe asusun zuba jarin gwamnatin Baharain, Mumtalakat, shi ke da kaso mafi tsoka a McLaren. Su suka ci kambun ƙungiyoyi a 2024, karon farko tun 1998, kuma ni dai abin da idona ya gani, ba su da niyyar sakinsa.

Abinci a cikin filin kuwa, Allah ya kiyaye. Kuɗin burodi da ɗan nama guda ɗaya zai ciyar da mutum uku tuwo da miyar kuka da nama a Kano, har a yi guzuri. Muka haƙura sai da muka koma gari, muka ci shinkafar machbus a bayan Bab al Bahrain, ƙofar kasuwar Manama, muka kora da shayin karak na 'yan fils. A kasuwar na taya wa mahaifiyata turare, mai shagon ya faɗi kuɗi, na raba biyu irin na Kantin Kwari, ya dafe ƙirji, na juya zan tafi, ya kira ni. Ko'ina ɗan kasuwa ɗaya ne.

Ranar Juma'a ba mu zauna sosai ba, mun fita sallah mun dawo. Duk da haka ba a rasa abin dariya ba. An ɗaga jar tuta, aka tsayar da motoci, saboda gilashi ya faɗo daga ɗakin da ake tayar da tsere ya tarwatse a kan titi, aka zo da tsintsiya. Motar ƙungiyar Haas ta yar da wani ɓangare na murfin injinta tana cikin gudu. Bayan hutun rana kuma wata bas ta ɓace hanya ta shigo gefen titin tsere, aka sake tsayar da komai. Yaya ya ce wannan direban ko shakka babu a tashar Unguwa Uku ya koyi tuƙi. Max Verstappen, mai kambu huɗu a jere, ya wuni a cikin Red Bull, har ya yi katantanwa a kwanar farko, kuma ni ban ga alamar motar na yi masa biyayya irin ta da ba. George Russell ne ya rufe ranar a sama. Ferrari ta shigar da Hamilton gareji da wuri, Yaya ya ce dabara ce.

Dattijon bai zo ba ranar, ko lambarsa ban karɓa ba.

Muna kan gada a hanyar dawowa aka sanar an ga watan Ramadan. Saboda azumin ne ma a 2025 aka ɗaga tseren Baharain da na Jidda zuwa Afrilu, za a buɗe kakar a Melbourne ta Ostareliya ranar 16 ga Maris. Mun yi da Yaya: idan Ferrari ta riga McLaren, ni zan yi girkin buɗa-baki na mako guda, idan kuwa aka samu akasi, shi zai shiga kicin. Tseren zai kama ƙarfe biyar na asuba a Kano, daidai sahur, a nan kuma bakwai na safe, kuma Lahadi ranar aiki ce a Saudiyya. Na riga na gaya wa maigidan garejinmu cewa ranar zan ɗan makara.