Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Yaushe Ɗan Alkafura Zai Ajiye Gasa?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Makon jiya mun tsaya a shekarun koyar da yara alkafura a nan Kumasi. Kafin labari ya ci gaba, bari mu tsaya kan tambayar da iyaye daga Aboabo da Asawase suka fi kawowa: yaushe ya kamata yaro ya daina shiga gasa?

Shekaru ba su ke yanke hukunci ba. Shahararriyar 'yar alkafura Nadia Comaneci tana da shekara 14 ta samu maki 10 cif, wato cikakken maki a wancan lokacin, a gasar Olimfik ta Montreal a 1976. Oksana Chusovitina kuwa sau takwas ta je Olimfik, na ƙarshe a Tokyo a 2021, tana da shekara 46. Sai dai irinsu suna da likitoci a kusa, da ramin soso da suke faɗawa ciki in suna koyon sabon juyi. Namu yaran, da yawansu kan siririyar katifa suke dira, siminti na ƙarƙashi. Saboda haka jiki za a tambaya, ba takardar haihuwa ba.

Ciwon tsoka bazuwa yake yi, kwana biyu ko uku ya wuce. Wanda ake tsoro shi ne wanda yaro zai ɗora yatsa ɗaya kan ƙashi ya ce "nan ne".

A fara da wuyan hannu. Yaron da bai gama girma ba yana da guringuntsi a ƙarshen ƙashin hannu, ɓangaren babban yatsa, kuma daga nan ƙashin ke ƙara tsawo. Tsayuwa da hannu da dokin katako (wanda ake dafawa da hannu biyu ana juya ƙafafu a kansa) duk a wurin suke sauke nauyi. In ya fara ciwo, a ɗauke masa duk wani aikin dogara da hannu na aƙalla mako shida. In aka yi kunnen uwar shegu, wurin yana iya rufewa da wuri, ɗan'uwansa na ɓangaren ƙaramin yatsa ya ci gaba da tsawo, hannun ya zauna da ciwo har girma.

Sai ƙugu. Yawan lanƙwasawa baya na tsaga ɗan siririn ƙashi a gadon baya, galibi a gaɓa ta biyar ta ƙasa. Gwajinsa mai sauƙi ne: yaro ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya kwanto baya a hankali. In ya ji suka a wuri guda, a kai shi asibiti, Komfo Anokye ko wanda ya fi kusa. Hoton ƙashi na farko yakan fito ba komai alhali tsagar na nan, don haka in likita ya nemi MRI, wato hoton na'ura mai nuna abin da hoton ƙashi bai nuna ba, kada a yi gardama. Hutunsa wajen wata uku ne. Tausa da man zafi ba sa haɗa irin wannan tsaga, mai ɗori ma hannunsa bai kai wurin ba. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne tiramol. Yana rufe bakin ciwo, yaro ya ci gaba da dira har ɓarnar ta girma. Tun Janairun 2024 WADA, hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni, ta haramta shi lokacin gasa.

Ga 'yan mata, in al'ada ta ɗauke wata uku a jere saboda horo mai tsanani da ƙarancin ci, ƙashi na yin rauni. Iyaye mata, wannan maganar likita ce, a cire kunya.

Akwai kuma ɓacewa a iska: ɗan wasa ya tashi juyi, ya kasa sanin ina sama ina ƙasa. Shi ya sa shahararriyar 'yar alkafura Simone Biles ta janye a Tokyo, ta dawo a Paris a 2024 ta ci zinariya uku. Wanda wannan ya same shi, a mayar da shi juyin 'yan koyo. Tsawa ba ta gyara shi, kuma tilasta shi haɗari ne, domin katakon daidaito da 'yan mata ke juyi a kansa faɗinsa santimita 10 ne kacal, tsayinsa daga ƙasa 125.

To, duk waɗannan hutu suke nema, ba sallama ba. Tsakanin hutu da sallama ma akwai mataki: rage kayan wasa. Namiji na da shida, mace huɗu. Mai ciwon hannu ya bar doki, mai ciwon gwiwa ya bar tsallen tebur. Ajiye gasa gaba ɗaya sai in ciwo ɗaya ya dawo wuri ɗaya bayan cikakken hutu har sau biyu, ko likita ya ce ƙashin baya ya fara zamewa, ko kuma yaron da kansa ya yi watanni zuciyarsa ba ta wurin. Kada a yanke shawara ranar da aka faɗi a gasa, a bari zafin ya huce.

In an yanke, kada a tsaya cak. A rage kwanakin horo rabi, a yi wata biyu a haka, a riƙe miƙe jiki da ƙarfafa ciki da baya. Mai shirin jarrabawar BECE ko WASSCE ya zuba lokacin a karatu. Koci kuma ya ba shi ƙananan yara ya riƙa tallafa musu a juyin baya, domin ya san inda ake sa hannu, ɗaya a ƙugu ɗaya a bayan cinya.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga batun alƙalancin gasa, da dalilin da faɗuwa ɗaya ke cin maki ɗaya cur.