Filashin Zobe da Aikin da Yake Mana a Jos

A shagonmu na ɗaukar hoto, filashin zobe, wato fitilar kyamara mai siffar zobe, ba kayan biki ba ne. Haskensa ba ya cin nisa, wanda ya saye shi don hoton amarya da ƙawayenta ya zubar da kuɗinsa. Aikinsa na kusa ne: haƙora ga likitocin haƙori, ɗan kunne da sarƙar gwal, zanen lalle, da duwatsu masu daraja da 'yan kasuwar Jos ke tura hotonsu ga masu saye. Dama don hoton haƙori wani mai suna Lester Dine ya ƙirƙiro shi a 1952.

Kashi biyu ne: kan da ke hawa saman kyamara, wanda yawanci ke cin batir AA huɗu, sai zoben da ake ɗaurawa a bakin idon kyamara, waya ta haɗa su. Kafin ka biya kuɗi, duba lambar da ke bakin idon, ko 58 ce, ko 67, ko 72mm, ka tabbata akwai maɗaurin wannan girman a cikin kwalin. Ka kuma yi hattara da masu arha na fitilar LED. Hasken nasu ba ya da ƙarfin tsayar da motsin hannu.

Idan haƙori ne, muna sa idon makro, wato na ɗaukar abu kusa-kusa, na 100mm, mu saita kyamara a ISO 100, f/22, saurin shota 1/200. In ka wuce saurin da kyamararka ke iya daidaitawa da filashi, sai baƙin layi ya cinye gefen hoton.

Inda ake shan wahala shi ne dutse. Tunda hasken yana fitowa ne kewaye da idon kyamara, inuwa takan ɓace, dutse mai kusurwa goma ya fito a shafe kamar ƙwallon kwalba, mai saye kuma yankan yake son gani. Maganinsa na'ura mai kwan fitila biyu, irin Canon MR-14EX II ko Yongnuo YN-14EX: ka ba ɓangare ɗaya ƙarfi 4, ɗayan 1, nan take kusurwoyin su tashi. In farin da'ira ya zauna a fuskar dutsen, ɗan karkata shi da hantsaki har ƙyallin ya kauce.

Da hunturu, sanyin Jos kan kashe ƙarfin batirin alkalin, filashi ya riƙa jinkirin cika. Muna amfani da na caji, NiMH, saiti na biyu yana aljihu don ya yi ɗumi. Ƙura kuma, a share wurin murɗin maɗauri da burushi kafin a murɗa, in ba haka ba ya cije a bakin idon kyamara.