Hanyar Butaro da Lissafin Awa Biyu

Daga Kigali zuwa Butaro ba wani nisa ba ne a kan taswira, sai dai Ruwanda ba ta da miƙaƙƙiyar hanya. Tun da muka fita birni muka kama titin arewa mai zuwa Musanze mota take hawa tana lanƙwasa, kana gama tsauni wani na jiranka. Gonaki har ƙololuwar tudu, an yanka su hawa-hawa don kada ruwan sama ya kwashe ƙasa. Masu baburan haya kuwa kowa da hular kwano, direba da fasinja, domin doka ce kuma ana bin ta. Idona bai bar kan waɗannan hulunan ba. Duk wanda ya daɗe yana karɓar waɗanda suka yi hatsari ya san bambancin kan da ya bugi kwalta da hula da wanda ya buga babu ita.

An gayyace ni ne in yi wa ɗaliban likitanci na jami'ar da ke Butaro gajeren kwas a kan tiyata a wuraren da kayan aiki da ma'aikata suka yi ƙaranci, da kuma kula da majinyaci a sa'o'in farko na gaggawa. Na shirya takardu da alƙaluma tun kafin in taso. A garin Base muka bar babban titi muka nufi gundumar Burera, ta kwaruruka masu ganyen shayi kore shar, daga nan hanya ta ƙara matsewa. Na duba agogo na ga mun daɗe a kan hanya, ga shi muna cikin mota mai lafiya, da rana, babu mai ciwo a cikinmu. Sai na fara tunanin macen da naƙuda ta tsaya mata a ɗaya daga cikin gidajen da nake hangowa can saman tudu, cikin dare, ana ruwa. Kafin mu isa na riga na sauya yadda zan buɗe darasina.

Butaro gari ne mai sanyi kusa da iyakar Yuganda. Idan gari ya washe ana hango dutsen Muhabura, mai tsawon fiye da mita 4,000, ga tafkin Burera a ƙasa. Asibitin gundumar an buɗe shi a 2011 da haɗin gwiwar gwamnati da ƙungiyar agajin lafiya ta Partners In Health, a yankin da a da babu asibiti ko ɗaya. Ginin ya burge ni: an yi katangu da duwatsun yankin, an bar iska tana ratsa ɗakuna don rage yaɗuwar cututtuka irin su tarin fuka, gadaje kuma suna fuskantar tagogi, majinyaci yana kallon tsaunuka maimakon bango. A tudun da ke hangen asibitin aka gina jami'ar koyar da kiwon lafiya da ake kira UGHE (University of Global Health Equity), wadda aka buɗe harabarta a 2019. A nan Dokta Paul Farmer, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar, ya rasu a watan Fabrairun 2022. Shi da abokin aikinsa Jim Yong Kim ne suka rubuta a 2008 cewa tiyata ita ce agolar da aka yi watsi da ita a gidan kiwon lafiyar duniya. Maganar tana da zafi, amma gaskiya ce, domin shekara da shekaru kuɗin agaji allurar rigakafi da cututtuka masu yaɗuwa yake bi, ana ganin ɗakin tiyata kayan masu hali ne.

A ajin da aka ba ni mata sun fi maza yawa. Kafin in kunna na'urar nuna rubutu na ce kowa ya ɗauki takarda ya rubuta sunan ƙauyen da kakarsa take, ko wani dangi da ya fi nisa da birni. Sannan ya lissafa: daga ƙofar gidan zuwa asibitin da za a iya yi wa mace tiyatar haihuwa a daren nan, awa nawa? Na ce kada a lissafa tafiyar mota kaɗai. A sa lokacin da za a ɓata ana shawara a gida, ana jiran mai gida ya dawo, ana neman kuɗi, ana neman abin hawa. A sa tsayawa a ƙaramar cibiyar lafiya kafin a ba da takardar tura majinyaci gaba. A sa jiran mai sa barci da jiran jini bayan an isa.

Aji ya yi tsit, kowa ya duƙufa. Wata ɗaliba ta ce a wajensu sai maza huɗu sun ɗauko mara lafiya a kan makara sun sauko da shi daga tudu zuwa inda mota take iya kaiwa. Wani ya ce tafiyar a garinsu gajeriya ce, amma kakarsa ba za ta yarda a kai ta ba sai ciwo ya ci ƙarfinta, don tana ganin wanda aka shigar ɗakin tiyata ba ya fitowa. Kaɗan ne a cikinsu lissafinsu ya tsaya ƙasa da awa biyu.

Bayan haka ne na kawo alƙaluman, kuma sai suka zauna daram, domin kowane ɗalibi ya riga ya sa musu fuskar wani nasa. Kwamitin da mujallar likitanci ta Lancet ta kafa a kan tiyata a duniya ya fitar da rahotonsa a 2015: mutane biliyan 5 ba su da hanyar samun tiyata da maganin sa barci masu aminci, a kan lokaci, da kuɗin da za su iya biya. Ana yin tiyata kusan miliyan 313 a duniya kowace shekara, amma kashi 6 cikin ɗari kaɗai ake yi a ƙasashe mafi talauci, inda fiye da sulusin mutanen duniya suke. Ana buƙatar ƙarin miliyan 143 a shekara. A 2010 cututtukan da ke buƙatar tiyata sun kashe kimanin mutum miliyan 16.9, fiye da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro a haɗe. Kwamitin ya zaɓi ayyuka uku a matsayin ma'auni: tiyatar haihuwa, buɗe ciki, da gyaran karayar da ƙashi ya huda fata. Asibitin da ke iya waɗannan ukun dare da rana yana da wuta, ruwa, iskar oksijin, jini da ma'aikata, don haka zai iya sauran ayyuka da yawa. Burin shi ne mutum ya iya isa irin wannan asibiti cikin awa biyu. A watan Mayun wannan shekarar ta 2015 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da ƙuduri mai lamba 68.15, wanda ya sa tiyatar gaggawa da ta dole cikin kiwon lafiyar da kowa ya cancanta.

Washegari muka koma ɗakin gwaji, inda ake koyo da mutum-mutumin roba. Na shafa wa ƙafarsa jan launi, na lanƙwasa ta, na ce saurayi ne da babur ya kayar. Ɗalibin farko ya nufi ƙafar kai tsaye, yana neman abin ɗauri. Na bar shi har ya gama, sannan na ce ya duba fuskar majinyacinsa. Harshe ya koma baya ya toshe maƙogwaro tun ɗazu. Haka ido yake yi wa kowa, yana bin abin da ya fi muni a gani. Shi ya sa ake koyar da tsari ɗaya da ba a tsallake shi, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya da Red Cross suka sa a kwas ɗinsu na kulawar gaggawa na 2018: a fara da hanyar iska, sai numfashi, sai zagayawar jini, sai a duba ko yana cikin hayyacinsa, sannan a buɗe jiki a duba ko'ina har baya, a kuma rufe shi kada sanyi ya kama shi. In jini na ɓulɓula, a danne shi tun farko. Muka yi ta maimaitawa. Yatsu a bayan muƙamuƙi a turo shi gaba ba tare da an motsa wuya ba. Kunne kusa da baki, ido a kan ƙirji. Zani a naɗe ƙugu da ƙarfi idan ana zargin ƙashin ƙugu ya fashe. Kusan duk wannan ba ya buƙatar na'ura. Hatsarin hanya kaɗai yana kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a duniya a shekara, kuma da yawansu abin da aka yi ko aka bari a mintunan farko ne ke yanke musu hukunci.

Darasin da ya fi zama mini a rai ba ni na koyar da shi ba. Wani dare na bi wasu ɗalibai zagayen ɗakin masu jego. Akwai wata mata da aka yi wa tiyatar haihuwa da yamma, tana kwance shiru, jaririnta a gefe, ba ta kukan komai. Ma'aikaciyar jinyar da ke kan aiki, dattijuwa mai natsuwa, ta tsaya a kanta ta riƙe wuyan hannunta tana kallon agogo. Ta kira ɗaya daga cikin ɗaliban ta ce, "Zo 'yata, ƙirga." Yarinyar ta ƙirga, ta dubi takardar da ke gindin gado, ta ga bugun ya haura abin da aka rubuta a awon baya, alhali awon jini bai sauka ba tukuna. Dattijuwar ta kama hannunta ta ɗora a marar matar. Mahaifar da ya kamata a ji ta da tauri ta saki ta yi laushi. Ta ɗaga zani, ga jini ya taru a ƙasa. Nan take ta nuna mata yadda ake murza mahaifa, aka ƙara allurar da ke sa ta tsuke, aka buɗe ƙarin ruwa, aka ba da maganin tsayar da jini wanda ya fi aiki idan an ba da shi cikin awa uku na farko, aka kira likita, aka sanar da ɗakin jini. Kafin asuba bugun ya sauko. Ban ce uffan ba, gefe na tsaya ina kallon hannun ɗalibar, wanda ya fara da rawa ya ƙare da ƙarfi.

Da safe na kawo musu binciken da aka yi a ƙasashen Afirka 25, a kan majinyata fiye da 11,000, wanda aka buga a 2018 ƙarƙashin jagorancin Farfesa Bruce Biccard na Afirka ta Kudu. Majinyatanmu sun fi na sauran duniya ƙuruciya, ba su kuma cika fama da wasu cututtuka ba, amma haɗarin mutuwarsu bayan tiyata ya ninka sau biyu. Kuma kusan duk mace-macen ba a ranar aikin suka faru ba, a kwanakin da suka biyo baya ne, a kan gadon jinya, inda matsala ta taso ba a gan ta da wuri ba. Ɗaliba ta daren jiya ba ta buƙaci ƙarin bayani ba. Daga nan muka yi maganar ƙananan abubuwa masu tasiri: na'urar da ake maƙala wa yatsa tana nuna yawan iskar oksijin a jini, da takardar tambayoyi 19 ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ake karantawa da baki kafin a sa barci, kafin a yanka, da kafin a fita da majinyaci. A gwajin farko a asibitoci 8, mace-mace sun ragu daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin ɗari. Ruwanda tana da abin alfahari na zamani, tun 2016 jirage marasa matuƙa ke kai jini asibitocin karkara, amma jinin ba zai taso ba sai wani ya ƙirga bugun zuciya ya ce a kawo.

A zaman ƙarshe gardama ta kaure, kuma na ji daɗinta. Wani ɗalibi ya ce, "Dokta, rahoton Lancet ya ce a samu ƙwararru 20 na fiɗa da sa barci da haihuwa ga kowane mutum 100,000. A asibitocin da aka yi wancan binciken na Afirka ko ɗaya ba a cika ba. Yaushe za mu kai?" Na ba shi misalin Mozambik, wadda tun shekarun 1980 take horar da ma'aikatan da ba likitoci ba su yi tiyatar haihuwa a gundumomi, da kuma kwalejin likitocin fiɗa ta gabashi da tsakiya da kudancin Afirka, wadda aka kafa a 1999, tana horar da mutane a asibitocin ƙasashensu maimakon a tura su waje su ƙi dawowa. Wasu suka ce ba wa wanda ba likita ba wuƙa raini ne ga talaka. Wasu suka ce barin mace ta mutu tana jiran ƙwararren da ba zai zo ba ya fi wannan raini. Ni ina tare da na biyun, da sharaɗin a horar da kyau, a sa ido, a kuma rubuta sakamakon kowane aiki a duba shi. Na kuma faɗa musu ra'ayina a kan baƙi irina, masu zuwa su yi ɗan lokaci su tafi: muna da amfani gwargwadon abin da muka bari a hannun mazauna wuri, domin su ne za su tashi idan ɗinki ya buɗe bayan mun hau jirgi. Ba su yarda da ni duka ba. Ɗalibin da ya fara tambayar ya ce zai tattara alƙaluman ƙasashen da suka gwada hanyoyin biyu ya kawo wa malaminsu na dindindin, aji kuma ya amince a ci gaba da muhawarar a mako mai zuwa.